Zaren hular Malam Sabitu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko shayi ban kurɓa ba yau da safe 'yata Hauwa ta kira ni tana kuka, wai Malam Sabitu na Kutama ya rasu.

Tare muka koyar da fiziks a wata sakandare a Gwarzo tun zamanin ostariti na tsuke bakin aljihu, lokacin da ɗakin gwaje-gwajenmu ba komai sai benci da ƙadangaru. Na fi shi takardu, na fi shi lissafi, shi ma ya sani. Amma ajinsa har ta taga ake leƙe, nawa kuwa hamma ake yi.

Kishinsa nake yi, ban taɓa ɓoyewa ba.

Garaya yake shiga aji da ita. Ya taɓa tsarkiya, ya danne ta, ya sake taɓawa, ya ce, "Kun ji? Tsarkiya ɗaya, murya daban-daban. Wasu masana sun ce in ka yi ta farfasa dutse, ko ruwa, ko ni kaina, har ka wuce atom, ba ƙwaya za ka tarar ba, ɗan siririn zare ne yana karkarwa. In ya kaɗa haka ya zama haske, in ya kaɗa haka ya zama elektron. Ba wanda ya gan shi tukuna, lissafi ne ya nuna. Allah ne masani."

Da aka ƙaddamar da Shari'a, firinsifal ya ce a bar garaya a gida. Na ce to, yau za mu ga ƙarshen gwaninta. Sai mutumin nan ya zare zare daga hularsa, ya cije gefe ɗaya, ya ja, ya kaɗa. Duk aji ya kasa kunne.

A wannan ajin 'yata take. Yanzu fiziks take koyarwa a jami'a, kuma duk wanda ya tambaye ta wa ya sa mata son abin, Malam Sabitu take cewa. A gabana ma.

Shi kuwa in babur ɗina ya lalace, har ƙofar gida yake kai ni.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Kabo ce, ya rame sosai. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Garba, ni zare kawai na kaɗa wa Hauwa. Lissafin naka ne."

Har wannan halin nasa kishi ya ba ni.

Ɗazu na zare zare daga hulata, na cije, na kaɗa. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, nama ne ya maƙale maka?"

A nan kuka ya ƙwace mini.

Allah Ya jiƙanka Sabitu, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, musamman ku da kuka tsallake ajina kuka je leƙen tagarsa.