Mai Gaishe da Inna Bayan La'asar

Matar ƙanena ce ta tsegunta mini. Ina Kalgo, ina tsakiyar tankaɗen gari, ta kira ta ce, "Yaya, ki zo Gwandu. Inna ta ce a nemo mai sayen awakinta."

Awaki huɗu ne, su ke nan abin da Inna ta mallaka tun rasuwar Baba. Ko ciwo ya kwantar da ita ba ta yarda a taɓa ko ɗaya. Washegari na hau mota.

Tun a zaure matar ƙanena ta ba ni labari. Kusan wata biyu ke nan wani mutum yana kiran Inna kullum bayan la'asar. Wai daga wata ƙungiya yake mai kai tsofaffi Umra kyauta, sunanta ya fito, saura kuɗin cike takarda. Ni na san irinsu. Wayata ba ta wuni ba tare da saƙon na ci kyautar da ban shiga gasarta ba, ko muryar wani yana neman lambar katina na banki. Na iya toshe su kamar yadda na iya kore kaji daga shanya.

Da aka yi la'asar na ga Inna ta sake kallabi, ta ja tabarma bakin ƙofa, ta ɗora wayar a cinya. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Da yake kunnenta ya yi nauyi, a buɗe take sa muryar, kowa na ji.

"Salamu alaikum, Hajiya Inna. Ya ƙafar? Kumburin ya saɓe?"

Sai a lokacin na dubi ƙafarta. Ta hagu ta kumbura har idon sawu ya ɓace. Awa uku ina gidan ban lura ba.

Ya tambayi jar akuyar da ta haifi tagwaye. Ya tsokane ta, wai in ta je Makka za ta manta da talakawa. Inna ta yi dariya har da tari, ta ce, "Kai ɗan nan, Allah shi shirye ka!" Rabon da in ji wannan dariyar tun Baba na da rai. Sai can ƙarshe ya sako zancen kuɗin takarda, a hankali, kamar mai jin nauyi.

Da ta shiga alwalar magariba na ɗauki wayar. Na toshe lambarsa. Don na san zai sake layi, na kuma toshe duk lambar da ba a ajiye a ciki ba. Lambobi biyar suka rage: mu 'ya'yanta huɗu da matar ƙanena. Na mayar da wayar inda take, ban gaya mata ba, ina jin na yi aikin lada.

Washegari ta sake kallabi ta zauna. Shiru. Ta girgiza wayar, ta aika a sa mata caji. Rana ta biyu ma haka, har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. A rana ta uku ta kira ni ba tare da ta dube ni ba.

"Mi kinka yi ma wayag ga?"

"Inna, ɓarawo ne. Babu wata Umra. Awakinki yake so."

"Ke ɗiyag ga, yarinya kinka maishe ni? Tun randa ya ambaci kuɗin takarda na san abin da shika nema."

"To don me za ki sayar da awakin?"

"Nawa ne ko naki?" Ta gyara zaman ƙafar da hannu biyu. "Shi da ƙaryatai shina tambayar ƙafata kullum. Ku masu gaskiya, wa ya tambaya?"

Hujjata ba ta wuce hidimar yara da tsadar katin waya ba. Inna ta ɗaga wayar.

"Yanzu wa ka iya kirana?"

"Mu kaɗai, Inna."

"To ashe ta mutu," in ji ta. Ta jefa wayar cikin langar da take ajiye allura da zare, ta rufe.

Har yau ina ganin daidai na yi, kuma in an sake zan sake. Ina yi wa mutumin nan Allah ya isa, sai dai duk sanda na faɗa harshena nauyi yake yi, don ban san mu nawa addu'ar za ta kama ba.

Tun da na koma Kalgo nake kiranta bayan la'asar. Matar ƙanena ke ciro wayar daga langa ta miƙa mata. Ina gama sallama, kafin in kai ga tambayar ƙafa, sai ta ce, "Lafiya lau nike. Awakin suna nan, ba a sayar ba, kwantar da hankalinki." Sai ta kashe.