Tsakuwa a Bakin Gyale

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na tsaya a tsakiyar garken shanu a Ɗansoshiya, duk don wata kwamfuta ta ƙi jin Hausa.

Ƙarshen shekarun casa'in ne. Na gama sakandare, na koyi tafireta, na samu aiki a wani ɗan ofishin lafiyar dabbobi a Tudun Wada. Kwamfuta ɗaya gare mu, da janareta, da layin waya mai zuwa in ya ga dama. Aikina shi ne in rubuta buƙatar allurar rigakafi ta kowace ruga, in tura wa wata babbar kwamfuta da ban taɓa gani ba, ita kuma ta ware mana magani. Da wani sabon tsarin rubutu ake yi, wai shi XML. Kowane bayani da gurbinsa, kowane gurbi kuma da 'yar alama a gaban sunansa.

A makon da ciwon huhu ya ɓulla wajen Doguwa, malamin dabbobinmu ya kawo min bayanan rugage, ya wuce can a gaggauce. A wajen yawan shanun wata ruga, abin da mai ita ya faɗa ya rubuta: "Garke biyu, alhamdulillahi." Haka na buga. Babbar kwamfutar ta maido min. Na cire alhamdulillahi, ina istigfari, ta sake maidowa. Ni kuwa Allah Ya yi ni da son bin diddigi, sai na ce bari in goge 'yar alamar nan in ga abin da zai faru. Nan take ta ce ta karɓa! Har na fara murna, sai na duba amsar da ta aiko: rugar tana nan, amma maganinta sifiri.

Na kira injiniyan da ke kula da na'urar. Ya duba ya yi dariya.

"Malama, kin san yankan kunne da ake wa shanu? To alamar nan ke nan. Masu taki suna tura mata adadi, asibitin mutane na turawa, mu ma muna turawa. Da alamar take gane wannan adadin na gidanmu ne. Kin goge, ta ga saniya ba shaida, ta bar ta ta wuce."

"To da alamar me ya sa ta ƙi?"

"Gurbin lamba ne zalla. Ba ta san garke ba."

Abin ya ɗaure min kai, ya kuma burge ni. Amma a makon ake rufe karɓar buƙata. In na yi kintace ya gaza, wasu shanun su rasa allura. In na zarce, na ci rabon wata rugar. Sai na roƙi gwaggona, wadda ta saba sayen man shanu a rugar, ta raka ni Ɗansoshiya. Muka shiga mota zuwa Kafin Maiyaƙi, daga nan acaɓa.

Mai rugar dattijo ne siriri, mai magana a hankali. Muka durƙusa muka gaisa, aka kawo fura. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya dube ni kamar na tambayi abin kunya.

"'Yar nan, mu ba ma ƙirga su. Ubana bai ƙirga ba. Abin da ka ƙirga, ka sa masa iyaka."

"Baffa, na'urar ce ba ta karɓar komai sai lamba."

"Ita na'urar tana da shanu?"

Gwaggo ta tuntsire da dariya, ni kuwa hawaye ya cika min ido. Na ce masa ciwon ya kusa, ya ce ya sani, ya ji labari a kasuwa. Ya ɗan yi wasa da sandarsa. Can ya ce, "Ƙirga dai ba zan yi ba. Amma da yamma ina kiran kowace da sunanta, tana zuwa. Wanda ya tsaya kusa da ni, abin da ya yi da hannunsa ba ruwana."

Gwaggo ta tsinto min ƙananan tsakuwa. Ta ce, "'Yar boko, yau za mu ga jarumtar taki."

La'asar sakaliya garken ya dawo. Ban taɓa sanin ƙaho na da tsawo haka ba. Baffa ya fara kira da Fulatanci, kowace ta ɗago kai ta taho, ta wuce ta gefena har ina jin ɗumin numfashinta. Kowace ta wuce in jefa tsakuwa ɗaya a bakin gyalena. Wani farin bijimi ya tsaya ya sa hancinsa a kafaɗata yana huci. Na rufe ido, na karanta duk addu'ar da na iya, fitsari ya kusa kufce min, amma ban saki gyalen ba.

"Kada ki gudu," in ji Baffa, bai ko juyo ba. "Shi ma tambaya yake yi, irin taki."

Da aka gama na ƙulle bakin gyalen. Baffa ya ɗaga hannu. "Kada ki faɗa min. Kada ki faɗa wa gwaggonki, bakinta ba ya rufuwa."

Washegari na zazzage tsakuwar a kan teburin ofis, na ƙirga ni kaɗai, na buga lambar, na mayar da alamar gidanmu a gabanta. Amsa ta zo da magani cif. Aka yi wa garken allura kafin ciwon ya iso.

Har yau in na ga farin bijimi gabana faɗuwa yake. Amma ranar na gane cewa na'ura da mutum kowa da irin maganar da yake karɓa, kuma wanda ke tsakaninsu aikinsa ya kai saƙo ba tare da ya karya ɗayansu ba. Lambar kuwa, ni da kwamfutar nan kaɗai muka san ta. Ku ma ba zan faɗa muku ba.