Jan Wasalin Inna

Shekarar da idon Inna ya fara hazo na ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfina. Ina da ɗan shago a Gusau inda nake buga katin aure da kalanda, a gidanmu na 'Yandoto kuwa duk wanda ya iya kunna kwamfuta gani ake babu abin da zai gagare shi. Ni ma ban taɓa musa musu ba.

Inna ce ke karanta waƙoƙin bege idan mata sun taru watan Maulidi a gidan ƙanwarta da ke Bungudu. Tun ina goye take wannan aiki. Takardun na ajami ne, rubutun hannun marigayi Baba, baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja. To rubutun ƙanana ne, takardun sun dafe, ido kuma ya ja baya. A Maulidin da ya gabata ta yi ta tuntuɓe a tsakiyar baiti har wata ta karɓe ta. Ba ta yi ƙorafi ba, ta dai ce bana sai a nemi wata. Maganar ta sosa mini rai, don na san babu abin da Inna take ji da shi kamar wannan zama. Na bugi ƙirji na ce zan buga mata su manya-manya, ta karanta abinta.

Haruffan larabcin da ke cikin kwamfuta ba zubin namu ba ne, ta yi musu kallo ɗaya ta ce ba ta san su ba. Sai na ɗauki hoton takardun Baba, na riƙa zana baƙaƙensa ɗaya bayan ɗaya har suka zama haruffan da za a iya bugawa. Wannan bai ba ni wuya ba, har na fara hura hanci. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Wasula ne suka ƙi zama. Dole ne ka nuna wa kowane baƙi inda wasalinsa zai sauka, a bisa ko a ƙasa, in ka yi sake kuma su haye juna. Fataha ta hau kan ɗigo. Kisira ta zurma layin ƙasa ta tsokane wa wani baƙi ido. Shadda da rufu'a suka cushe wuri guda kamar fasinjojin motar kasuwar Tsafe. In na ɗaga wannan, wancan ya nutse. Na ƙura wa takardun Baba ido ina mamakin yadda kowane jan wasali ya sami gurbinsa, babu mai taɓa ɗan'uwansa, na yi ta kwaikwayo ina matsawa da kaɗan-kaɗan. Masu katin aure suka gaji da sintiri, wata uwar amarya har ta ce in dai aljanu ne suka shiga kwamfutar a kira mai ruƙiyya.

Da abin ya ɗan yi kyan gani na kai wa Inna. Ta kai takardar bakin hanci, ta janye, ta sake kusantowa.

"Wanga rubutu ne ko tururuwa sunka samu suga?"

Komai baƙi ƙirin na buga, ita kuwa idonta ya saba ya bi baƙi tukuna, ja ya biyo baya. Na koma Gusau na raba aikin biyu, in buga baƙaƙe, in mayar da takardar cikin inji ya ɗora ja. Sai takardar ta riƙa gocewa a zagaye na biyu, kowane wasali ya koma gidan maƙwabci. Inna ta gwada karanta layi guda, abin da ya fito bai yi kama da Hausa ba balle bege. Ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa haushi kamar in fashe, ga watan Maulidi ya kusa kamawa.

Da ta share ido sai ta ce in buga mata baƙaƙen kawai, in buɗa tsakanin layuka sosai, in sayo jan alƙalami mai kaurin baki. Na ce ai so nake wasulan su zauna yadda Baba ya ajiye su.

"Wane Baban?" in ji ta. "Malam bai taɓa riƙa jan alƙalami ba. Shi ka rubuta baƙi ya aje ya bushe, ni ka bi in sa wasali."

Na dube ta. Hannun da na yi makonni ina kwaikwayo yana nan gabana yana ɓare gyaɗa.

Haka aka yi. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma inda haske ya fi, ta ɗora takarda a kan faifai, tana bi tana rerawa ƙasa-ƙasa tana ɗiga ja. Manyan baƙaƙen tana ganinsu sarai, kuma ko sau ɗaya wasalinta bai hau kan ɗigo ba.

Ranar taron ni na kai ta Bungudu. Maza ba sa shiga, sai na zauna a zaure ina jin muryarta ta kan katanga, mata na amshi. Ta kai ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba.

A hanyar dawowa na so a ɗan yaba mini, na tambaye ta yaya ta ga aikin injina. Ta gyara takardun a cinyarta, tana kallon gonakin dawa ta taga.

"Allah shi yi maka albarka," ta ce. "Na daɗe ban zamna kusa ga Malam haka ba."