Gefen da Surukina Yake

A shekarar da ta gabaci korona surukina ya biyo ta Dubai a hanyarsa ta komawa gida daga Umara. Ba yawon buɗe ido ya kawo shi ba. Tun da aka ɗaura mana aure 'yarsa take Kano, ni ina nan ina aiki a wani kamfanin aika kaya a unguwar Deira, kuma ya ce ba za ta taka jirgi ba sai ya ga inda za ta zauna da idonsa. Ya ga ɗakina na unguwar Karama, ya murɗa famfo, ya leƙa kicin, ya fito ya kama wata hirar daban. Hankalina ya tashi, don kaɗaici ya riga ya ishe ni.

Ina da aboki ɗan zangon Kumasi da ke aiki a wani jirgin ruwa na tsere, irin wanda iska ke turawa. Shi ya ce in kawo tsohon bayan Juma'a a zaga da shi, ko iskar teku ta sanyaya masa zuciya.

Jirgin dogo ne siriri, babu kujera, babu rumfa. Abokina ya ba Baba tarihinsa yana shafa jikinsa. A Turai aka ƙera shi don gasar kewaya duniya. Ya taɓa zuwa na ɗaya, ya kuma taɓa karya dogon sandan da ke riƙe da ƙyallensa a can tekun sanyi inda ko tsuntsu sai an dace, mutanensa suka ɗaure guntun da igiya suka lallaɓa har gaɓa. Daga nan aka yi ta sayar da shi, kowane mai shi ya sake masa fenti da suna, har ya ƙare a nan yana ɗaukar 'yan ofis masu son hoto.

"Tsohon ɗan dambe ne ya koma gadi," in ji Baba. Na ga alamar jirgin ya kwanta masa.

Kyaftin ɗin wata baturiya ce mai ƙarfin murya. Ta yi bayani, abokina ya fassara: idan iska ta cika ƙyallen, jirgin zai kishingiɗa, to kowa ya hau gefen da ya ɗaga ya zauna a jere, nauyinmu ne ke daidaita shi. Idan aka juya, a tsallaka ɗaya gefen.

A nan gizo ke saƙa. Ni ban taɓa zama tabarma ɗaya da surukina ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Tun da ya sauka ma a ɗakin wani nake kwana. Da jirgin ya kishingiɗa mutane suka jeru, sai gurbi ɗaya ya rage, kuma dab da Baba yake, cinya da cinya. Na dubi gurbin, na dubi teku, na ga teku ta fi sauƙi. Na sulale zuwa gefen da ke ƙasa na tsuguna cikin ladabi, ruwa yana marina.

"Masa, hau sama! Yalla, maza!" abokina yake mini ihu; "masa" haka 'yan Kumasi ke kiran aboki. Na yi kamar iska ta tafi da maganar.

Aka juya jirgin. Gefena ya zama na sama, na ce alhamdulillahi. Ina ɗaga kai sai ga jama'a suna rarrafowa wajena, Baba a gaba da rigar kariya a kan jallabiyarsa. Ban yi wata-wata ba na ba shi wuri, na sake gangarawa ƙasa. Baturiyar ta faɗi wata magana da abokina ya ƙi fassarawa. Igiyar ruwa ta share ƙafafuna, hulata ta kama hanyar Indiya, na rage ina reto riƙe da wata wayar ƙarfe ta jirgin.

A juyi na gaba muka haɗu da Baba a tsakiya. Ya damƙi wuyan rigata, ya ja ni kamar ɗan akuya, ya dasa ni kusa da shi.

"Zauna, don ƙaniyarka."

"Baba, ku yi haƙuri..."

"Rufe mini baki."

Bai saki hannuna ba har muka dawo gaɓa. Ina ƙarami mahaifina ya rasu, kuma tun daga lokacin babu dattijon da ya riƙe ni haka. Kunya ta kama ni, daɗi ma ya kama ni, na gode wa Allah da fuskata ta riga ta jiƙe.

A tasi muna komawa, ni a gaba ina ɗigar da ruwa, shi a baya, na ji ya kira 'yarsa a waya. Suka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa numfashi ma a hankali nake yi.

"Ki fara haɗa kayanki," ya ce mata. "Ɗakin dai ga shi nan, kamar akurki. Amma wannan mijin naki ba a barinsa shi kaɗai a garin da ke da ruwa."