Jirgin da abokina ya ƙera da takardar siminti

Shekarun baya, tun ba a datse kogi a Kainji ba, ni da abokina ba mu da aikin da ya wuce ƙera jirgin sama a ƙauyenmu na bakin ruwa, kudu da Yelwa. Gangar jikin da kara muke yi, fuka-fukan da gwangwala, mu liƙe da ƙaro. Robar tayar keke muke yankawa siriri mu murɗe, in an saki sai farfela ta juya. Shi ne mai hannun abin. Nawa in ya tashi, tukunyar Inna yake nufa kai tsaye. Nasa kuwa sai ya yi shawagi har masu wanki su ɗaga kai.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru, muka ji ana ɗaukar sojan sama a Kaduna. Tare muka tafi. Likita ya rufe masa ido ɗaya ya ce ya karanta allo, ya kasa. Ni kuma aka ɗauke ni. Da na raka shi tasha bai nuna mini ɓacin rai ba, cewa kawai ya yi, "In ka hau, ka rubuto mini yadda ƙasa take daga bisa."

Ban taɓa hawa ba. Makaniki aka mai da ni. Ɗaure noti, duba taya, goge mai, har aka shiga yaƙi ina ƙarƙashin fiffike da sufana a hannu. Amma a wasiƙa, wayyo, babu gajimaren da ban ratsa ba. Na rubuta masa cewa shanu kamar tururuwa suke daga sama. A bakin wani matuƙi na tsinci maganar.

Da na samu hutu na zo gida, ruwa ya riga ya cinye ƙauyenmu. An kwashe mutane zuwa tudu, cikin gidajen siminti masu kama da juna, har sai da aka nuna mini ƙofar Inna. Abokina ya koma tuƙa kwale-kwale, yana ƙetarar da 'yan kasuwa zuwa Wara. Ya zo da hantsi ɗauke da wani abu a lulluɓe da zane. Da ya yaye, sai ga jirgi, faɗinsa ya kai hannuwana biyu a buɗe, an rufe fuka-fukan da takardar buhun siminti da ya tsinto wurin ginin gidajen.

Ya ce, "Wata shida ina aikinsa. Amma in na sake shi, sai shi ɗaga kai shi faɗo da wutsiya. Na ce bari mai hawa ya zo. Mu tafi bakin ruwa ka duba mini."

Kafin in amsa ya ƙara da cewa, "Wai in kun bi ta bisa tafkin nan, ana hango garinmu a ƙarƙashi?"

Na ga in muka keɓe mu biyu, tambayoyinsa za su tona ni. Sai na gyara hular kakina na ce, "Haba, har yanzu ba ka girma da wasan yaran nan ba?"

Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi. "Gaskiyarka," in ji shi. Ya mayar da zanen ya lulluɓe, ya yi wa Inna sallama. Inna ta ce mini, "Mi ya yi maka?" Na yi kamar ban ji ba. Bayan kwana biyu na koma bariki ba mu sake haɗuwa ba.

Da damina saƙo ya iske ni. Iska ta taso wa abokina da 'yan kasuwa a tsakiyar tafki, kwale-kwalen ya daki kututturen icen da ruwa ya rufe. Ya fitar da mata biyu, ya koma, bai sake fitowa ba.

Da na je gaisuwa, mahaifiyarsa ta shiga ɗaki ta fito da jirgin. Ta ce, "Ɗana, karɓi. Ya ce kada kowa shi taɓa, kai za ka gyara in ka huta da gajiya."

Na tafi da shi bakin ruwa ni kaɗai. Na ɗora shi a kan yatsu biyu, nan take na ga matsalar: goshin ya yi sakayau. Ƙusa ɗaya na soka masa a hanci. Na murɗe robar, na saki. Ya miƙe sambal, bai karkata ba, ya yi ta tafiya bisa ruwa har ya sauka can inda ba zan iya kaiwa ba. Na zauna a ƙasa da kakina na yi kuka.

Yau na tsufa, na yi ritaya, kuma na daɗe da daina jin kunyar cewa ni makaniki ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, gyaran da ya roƙe ni aikina ne na kullum, na san shi sarai, bai kai minti biyar ba. Da na faɗa masa gaskiya a ranar, na tabbata dariya zai yi, ya miƙo mini jirgin ya ce to duba. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini.