Kwamfutar Injiniya da Gonar Baba Tanimu

Wata rana, ranar kasuwar garinmu, na je bakin tasha in sa a tura min fina-finai a waya.

Kada kowa ya tambaye ni wane irin fim. Malamar makaranta ce ni, ina da mutuncina, kuma lokacin muna hutu.

Akwai wani mai shagon tura fim da karatu a wurin, kowa Injiniya yake ce masa. Ni dai har yau ban san sunansa na yanka ba.

Idan mutumin nan yana aiki sai ka tsaya kallo. Ba ya ko duban kwamfutar. Bakinsa na musun ƙwallo da mai shayin da ke gefensa, hannunsa na kan maus, kafin ka gama faɗin abin da kake so ya miƙo maka wayarka.

Sirrinsa tsari ne.

Folda ta fi ɗari biyu a fuskar kwamfutarsa, kowace da mazauninta. Karatu da wa'azi suna hannun dama, can sama. Waƙoƙi da fina-finai suna hagu, don a cewarsa bai dace a haɗa malamai da makaɗa a sahu ɗaya ba. Dambe da ƙwallo suna ƙasa.

Tsakiya kuwa wurin ajiya ne. Hotunan biki, bidiyon suna, takardun makaranta, duk abin da mutane ke kawo masa don tsoron kada waya ta ɓata.

Ranar nan ina isa na tarar Injiniya ba ya musu da kowa.

Ya ƙura wa kwamfuta ido, hula ta koma ƙeya, gumi na bin wuyansa.

Na ce, "Injiniya, lafiya?"

Ya ce, "Ina fa lafiya, Malama? An shigo min gida."

"Ɓarayi?"

"Gara ɓarayi! Afdet ne."

Ashe wata da watanni kwamfutar ke fito masa da wani ɗan saƙo tana neman izinin sabunta kanta, shi kuma yana korar saƙon. Da safen nan ta gaji da roƙo. Yana kunna ta sai ta hau juya wani ɗan zobe, ta yi awa guda tana abu ɗaya.

Da ta buɗe, babu dama babu hagu. Ta kwashe foldodin kaf ta jera su layi-layi. A da kowace tana ɗan leƙo da hoton abin da ke cikinta, yanzu duk sun zama rawaya iri ɗaya.

Injiniya ya ce, "Don Allah, Malama, wa ya aike su? Ƙara na kai? Kamar ka tafi masallaci ka dawo ka tarar an kai gadonka kicin, an sa tukunyar miya a ƙarƙashin filo, sannan a ce maka wai gyara aka yi maka!"

Yana cikin wannan faɗa sai ga ladanin masallacin tasha ya zo da memori, yana son a sa masa karatu.

Hannun Injiniya ya tafi inda ya saba, dama can sama, ya danna.

Jama'a, sifikar shagon nan ba ƙarama ba ce.

Wani kiɗan kalangu ne ya fashe, har da guɗa. Wata mai tallan awara da ke wucewa ta ɗan karya kafaɗa kafin ta tuna a kan titi take.

Ladan ya ja da baya ya ce, "Subhanallahi! Injiniya, wannan ƙira'ar wane gari ce?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Allah ya yafe min.

Ana haka wani dattijo ya jingine kekensa a bakin shagon. Rigarsa wankakkiya ce amma ta sha jiki, ƙafarsa duk ƙurar hanya. Injiniya na ganinsa ya miƙe.

"Baba Tanimu, sannu da zuwa."

"Yawwa ɗana. Ajiyata na zo karɓa, yau ranarta ta zo."

Ya zauna a benci kusa da ni, ya ba mu labari ba tare da kowa ya tambaye shi ba.

Yana da yaya da ya rasu bara. Kafin rasuwarsa ya sa Baba Tanimu ya ɗauke shi bidiyo a gonarsu ta gado, yana tafe yana nuna iyaka da sanda. Baba ya kawo wa Injiniya bidiyon ajiya, kuma ya yi dabara, don ba a yi wata biyu ba wayar ta faɗa rijiya.

Yanzu maƙwabcin gonar ya ci iyaka, ya haɗe fadamar gaba ɗaya, ya ce tun kakansa tasu ce. A fadamar nan ake noma abin da iyalan marigayin ke ci.

Dagacin ƙauyensu ya sa zama yau da ƙarfe biyu. Duk wanda ke da shaida ya kawo.

Baba ya ce, "Dattawan da suka san iyakar duk sun riga mu gidan gaskiya. Shaidata ɗaya ce, tana cikin akwatin nan naka."

Na duba agogo. Sha biyu ta wuce.

Injiniya ya ce, "Yanzu-yanzu, Baba."

Ya kai hannu tsakiya ya danna. Wani jarumin Indiya ya fito yana dukan mutum goma sha biyu da hannu ɗaya, ana fassara shi da Hausa.

Ya rufe ya buɗe ta kusa da ita. Dambe.

Ta gaba, bikin wasu mutane da ba mu sani ba, amarya na kuka ango na washe baki.

Ta gaba, wani malami yana wa'azi a kan cin amana. Wannan da sauri Injiniya ya rufe ta.

Kun san mutanenmu. Kafin minti goma shagon ya cika da masana.

Mai shayi ya ce a kashe ta a kunna. Aka kashe aka kunna, ta dawo yadda take.

Wani direba ya ce a ɗan buge ta a gefe, haka yake yi wa rediyon motarsa.

Ladan, wanda har lokacin bai tafi ba, ya ce a yi mata tofi.

Ni kuwa takaici ya ishe ni. Na ce, "Injiniya, ga wurin nema nan a sama. Rubuta sunan Baba kawai, za ta fito maka da shi."

Ya ce, "Ai wurin neman ma sun lalata shi."

"Ka gwada mana."

"Malama, ni na san kayana."

Ya ci gaba da buɗe folda ɗai-ɗai yana tsine wa masu afdet. Ya ce Allah ya sa su ma a canja musu hanyar gidansu. Ya ce da ya san inda ofishinsu yake da ya hau mota yau ɗin nan.

Ƙarfe ɗaya ta buga, bai buɗe ko arba'in ba.

Nan fa na saki baki. Na ce mutum ana ce masa Injiniya amma taurin kai ya hana shi jin shawara. Na ce gonar marayu za ta tafi saboda girman kan mutum ɗaya. A gaban jama'a na faɗa, da ƙarfi, irin yadda nake yi wa 'yan aji uku.

Injiniya ya ci gaba da danne-dannensa.

Baba Tanimu ne ya ɗaga min hannu. Ya ce, "Bar shi, 'yata. Duba a hankali, ɗana. Tun ranar da na ba ka ajiyar nan ban taɓa kwana da tunaninta ba."

Hannun Injiniya ya tsaya cak a kan maus.

Ya dubi dattijon. Ya dubi mutanen da suka cika masa shago, abokan musunsa da kwastomominsa na shekara da shekaru. Sannan ya juyo gare ni, ya nuna ƙasan wata folda da yatsa.

"Malama, me aka rubuta a nan?"

Na ce, "Ba ka gani ne?"

Ya ce, "Ina gani. Karantawa ce ban iya ba."



Shekara goma sha ɗaya yana wannan sana'a. Babu wanda ya sani, har mai shayin da suke wuni tare. Wuraren foldodin ya haddace, da hotunan da ke leƙowa daga cikinsu, kuma da safen nan aka ƙwace masa duka biyun.

Na ji kunyar bakina ƙwarai.

Ya tashi ya ba ni kujerarsa. Na zauna na gyara mayafi, a raina ina cewa to, yanzu boko zai yi aikinsa.

Na karanta ta farko. Niyu folda.

Ta biyu. Niyu folda, biyu.

Ta uku. Niyu folda, uku.

Haka har ɗari biyu da goma sha huɗu. Ko ɗaya ba a yanka mata ragon suna ba. Duk sunan da kwamfuta ke liƙa wa sabuwar folda ne, sai lamba.

Mai shayi ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Malama, me ta ce?"

Na ce, "Ba ta ce komai ba."

"To ashe ke ma ba ki iya ba."

Aka kwashe da dariya, har Injiniya sai da ya murmusa. Na cancanci wannan, ban musa ba.

Ɗaya da kwata. Daga tasha zuwa ƙauyen su Baba tafiyar rabin awa ce a babur.

Sai wani abu ya faɗo min. Kwamfuta ba ta san sunan kowa ba, amma tana riƙe ranar da aka buɗe kowace folda.

Na ce, "Injiniya, za ka iya tuna lokacin da Baba ya kawo bidiyon nan?"

Ko tunani bai tsaya yi ba.

"Bara waccan, washegarin Babbar Sallah, da hantsi. Ya zo min da soyayyen nama a baƙar leda. Mutum uku ne suka kawo ajiya ranar, shi ne na biyu."

Baba ya ce, "Wallahi haka aka yi. Naman akuya ne."

Na buɗe wayata na nemo hotunan Sallar bara waccan, na ga kwanan wata. Na sa kwamfutar ta jera foldodin bisa rana. Ga su nan guda uku a jere, rana ɗaya.

Na danna ta biyu.

Wani dogon tsoho siriri ya bayyana a tsakiyar gona, riƙe da sanda. Ya dubi kyamara ya gyara murya.

"Assalamu alaikum."

Baba Tanimu ya miƙe tsaye daga kan benci.

"Wa alaikumus salam, Yaya."

Babu wanda ya yi dariya.

Tsohon cikin bidiyo ya fara tafiya yana nunawa: daga gindin ɗorawa, a bi layin gamba, har jan dutsen bakin rafi. Can sai ya tsaya ya harari mai ɗauka.

"Tanimu, riƙe wayar nan da kyau mana! Kai komai sai hannunka ya yi rawa?"

Baba ya fashe da dariya, hawaye na zuba a gemunsa. Ya ce, "Kun ji shi ko? Har yanzu faɗa yake min."

Ni ma sai da na goge ido da bakin mayafi.

Injiniya ya karɓi kujerarsa, Baba ya miƙa masa sabuwar wayarsa. Tura abu a waya kam ba a koya masa, cikin minti ɗaya ya gama. Ya fita da kansa ya tare babur, ya ɗora Baba, ya ce a bar keken a wurinsa.

Ranar kasuwa ta gaba na koma shagon, na tarar Baba ya zo ɗaukar kekensa.

Ya ce da aka kunna bidiyon a gaban dagaci, maƙwabcin nan bai bari an kai jan dutse ba. Tare suka yi ƙuruciya da marigayin. Yana jin muryarsa ya sunkuyar da kai ya ce, "A kashe haka nan. Fadamar tasu ce."

Darasi:

Mutumin nan ya ɓoye abu ɗaya shekara goma sha ɗaya, ya tone shi da bakinsa a gaban kowa don kada gonar wani ta salwanta. Ni da takarduna ban tuna ranar ƙarshe da na ce "ban iya ba" a gaban mutane ba. Kafin ka yi wa wani tsawa a kan taurin kai, ka tuna wataƙila akwai abin da yake rufewa wanda ya fi ƙarfin bakinsa.

Ku kuma masu afdet, duk inda kuke, ku riƙa sallama kafin ku taɓa kayan mutane.

Idan ka san wani da kwamfutarsa ke cike da foldodi marasa suna, tura masa wannan yau, tun kafin tasa ta waye gari da sabon tsari.