Gonar da Na Ƙwace wa Taubashina

Tun da na yi wayo ban taɓa gaishe shi da ladabi ba, shi ma bai taɓa yi mini ba. Mahaifiyarsa, Gwaggo, ƙanwar babana ce, wato shi ɗan mace ni ɗan namiji, taubasai ke nan. A damina ɗaya aka haife mu, kuma har ya koma ga Allah muna gardamar wanda ya riga wani. Gwaggo da za ta raba mu cewa ta yi ita ta manta, abin da ta sani kawai duk mu biyun mun fitine ta da kuka.

A wurinmu taubashi yana da izinin da ko ɗan'uwanka ciki ɗaya ba shi da shi. Zai tsokane ka a tsakiyar kasuwa, ya ɗauki abinka ya yi gaba, ba ka da ikon yin fushi, sai dai ka jira ranar ramuwa. To shi wannan bawan Allah ya mai da abin sana'a. Wata ƙaramar Sallah na ci ado da sabuwar hula, ya fizge ta a hanyar dawowa daga idi. Da la'asar na tarar da ita a kan jakinsa, an ɗaure da igiya. Wai ta fi yi wa jakin kyau, don kan jakin ba mai ƙusurwa ba ne irin nawa. Ni kuwa na kwance jakin, na yi ta kai taki gonata da shi har bazara ta yi nisa, shi yana ɗaukar nasa a ka.

Gonakinmu na jere, gamba ce kawai tsakani. Nan wajenmu babu daji, inda gona ta ƙare nan wata ta fara, saboda haka aikin kowa a idon kowa yake. Zan faɗi gaskiya yanzu tun da ba ya ji: ya fi ni iya noma nesa ba kusa ba. Kunyar gonarsa miƙaƙƙiya, tawa kuwa ya ce kamar maciji ya bi ta wurin. Kullum sai ya jingina da fartanya ya leƙo ta kan gambar ya ce, "Kai, ɗan Kawu, wannan noma kake yi ko neman abin da ya faɗi?" In ce masa, "Gajere, ka bari sai ka hau turmi ka ga gonar tukuna."

Haka muka yi furfura tare. 'Ya'yansa mata suka yi aure, mazan suka tafi Ungogo suna jan adaidaita, gida ya rage daga shi sai matarsa.

Da bazarar da ciwon ajali ya kama shi, an kai shi asibiti a Kano, aka dawo da shi da ledar magunguna da maganar da ba wanda yake son maimaitawa. Na je duba shi. Yana kwance a kan tabarma a zaure, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce, "Sannu. Yaya jikin?" ba.

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya ce, "Kai ma?" Ya juya fuskarsa bango.

Matarsa ce ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Malam, mutumin nan ba ciwon ne ya fi damunsa ba, sannu ce. Kowa ya shigo sai ya sassauta murya. Kuma ga maganar gona." Ashe mutanen unguwa sun zo sun ce za su yi masa gayya idan ruwa ya sauka, ya ce a'a. Gayya, in ji shi, ta mai ƙarfi ce, wanda zai shiga gaba da fartanyarsa, kuma idan ta wani ta zo ya je ya rama. Wanda ba zai iya ramawa ba sadaka aka yi masa, shi kuwa bai kai nan ba. 'Ya'yansa sun ce za su sa 'yan ƙodago, ya ce duk wanda ya taka masa gona bai yafe ba, shi zai tashi ya shuka abinsa. Mutumin da ko buta ba ya iya ɗagawa! Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma daga gonar nan suke ci shekara.

Na koma gida raina a jagule. Ina son a shuka gonar, ba na son a karya masa zuciya, kuma na san taurin kansa, tun muna yara idan ya ƙi abu ko Gwaggo sai ta haƙura.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, da safe na shiga gidansa ba ko sallamar kirki, na wuce shi a zaure kamar ban gan shi ba, na nufi inda yake rataye irinsa. Na sauko da geron iri, na ɗauki sunguminsa, abin da ake sara ramin shuka da shi, na fito ina kaɗa shi.

Ya ɗaga kai ya ce, "Kai! Ina za ka da kayana?"

Na ce, "Gonar na ƙwace. Malalaci ya kwanta yana shan kunu, gona tana kuka. Bana tawa ce, in ka isa taso ka karɓa."

Matarsa ta dafe ƙirji. Shi kuwa sai na ga idonsa ya dawo irin na da. Ya yunƙura ya zauna, abin da ya kwana biyu bai yi ba, ya ce, "Ɓarawo! Da rana tsaka! Kai da ko gonarka ba ka iya ba? Za ka ɓata mini iri!" Na ce ya kai ƙara wurin mai unguwa. Ina fita ina jin sa yana ce wa matarsa a miƙo masa sandarsa.

Da mutanen unguwa suka ji na ƙwace gona, suka gane. Ranar noman farko suka fito, wai ni suke yi wa gayya. A gidana aka dama fura, ni na raba goro. Kullum da yamma in biya ta zaurensa da ƙasa a ƙafata in ba shi labarin gonata sabuwa, shi kuma ya wanke ni tas. Wai an gaya masa na shuka da yawa a rami ɗaya kamar mai zuba wa kaji. Wai waken da na sa tsakanin geron ya makara. Ban san wa yake kai masa rahoto ba, amma rabin abin da yake faɗa gaskiya ne, kuma abin yana ba ni haushi na gaske. Har mu yi ta musu sai tari ya sarƙe shi, matarsa ta kore ni.

Na san yana tafiya. Shi ma ya sani, kuma ya san abin da nake yi, bai taɓa nunawa ba. Sau da yawa ina fita daga zauren nan sai na tsaya bayan katanga na share ido kafin in shiga mutane.

Gero ya fitar da kai, ya fara bununi, Allah ya karɓi abinsa. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari. A zaman makoki mutane suka yi ta yi mini gaisuwa kamar ni ne ɗan'uwansa na ciki ɗaya, ban iya amsa wa kowa da kyau ba.

Da kaka ta yi muka girbe, muka ɗaure dammuna, aka yi ta kai su gidansa a amalanke. Gero ya yi kyau, ban taɓa noma irinsa a tawa gonar ba. Matarsa tana takaba, ta tsaya daga bayan ƙofa, muna jera dammunan kusa da rumbu. Da muka gama ta kira ni.

Ta ce, "Malam, ya bar mini saƙo. Ya ce idan ka kawo, kada in kuskura in yi maka godiya."

Na ce, "To."

"Ya ce in gaya maka geron bai yi ido ba. Wai kawunan ƙanana ne, wai da shi ya noma da..." Ba ta ƙarasa ba.

Geron da bai ko gani ba! Raina ya tashi kamar kullum, amsa ta zo mini har bakina, mai zafi, wadda na san za ta sa shi tari don dariya. Na juya wajen zauren in faɗa masa. An naɗe tabarmar an jingine ta a bango.